Da gaske ne a Amurka kowa da bindigarsa a ƙugu yake yawo?

"Baba Ajidan, barka da hutawa. Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram. Ƙanena yana Amurka, a garin Girinsboro, shekara biyu ke nan, yana aikin kai wa mutane kaya da mota. Makon jiya ya turo mana hoto ta WhatsApp: wani Bature a cikin kanti, bindiga a ƙugunsa a fili, yana zaɓen burodi, ba wanda ya ko dube shi. Ya ce can haka ake yi, shi ma yana tara kuɗi ya sayi tasa don tsaron kansa. Tun ranar Inna ba ta samun barcin kirki. An ce mini kun yi aikin jandarma, kuma kun zauna a wannan garin. Don Allah da gaske ne kowa haka yake yawo da bindiga a can? Mutane sun yarda da abin? Kuma me za mu ce wa yaron nan?"

Malama, barka kadai, Allah ya kwantar wa Inna da hankali. Wanda ya ba ki labarina bai yi ƙarya ba. Na yi shekara ashirin da biyu ina aikin jandarma, akasari a birgad-birgad, wato ofisoshin jandarma, na jiharmu, wajen Tanut da Gure da Magarya. Bayan ritaya na yi shekara tara a Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa, ina aikin gadi, da farko hannu rabbana, daga baya da bindiga bayan na samu takardar aikin.

Tambayarki ɗaya ce a baki, amma abu uku ta ƙunsa, kuma ƙanenki ya haɗa su ya cure wuri guda. Ko doka ta yarda, wannan daban. Ko mutane da yawa suna yi, wannan ma daban. Ko jama'a suna karɓar abin da daɗin rai, kuma daga hannun wa suke karɓa, wannan shi ne na uku, shi ne kuma ya fi shafar ɗan Damagaram da ke tuƙa mota a can. A inda yake zaune doka ta yarda. Masu yi ƙalilan ne. Karɓuwa kuwa ta danganta da gari, da unguwa, da fuskar mai ɗauke da bindigar.

Abin da doka ta ce a can

Tushen maganar gyara na biyu ne na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya ce ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa ba. Sai dai yadda za a ɗauka, da inda za a shiga da shi, kowace jiha cikin hamsin ɗin nan tana da dokarta. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. A watan Yuni na 2022 ta ƙara da cewa haƙƙin ya fita har waje, a shari'ar da ta rushe wata tsohuwar dokar Niyok mai cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi izinin fita da bindiga. Kotun ta bar wa jihohi damar neman takardar izini, da ware wuraren da ba a shiga da makami.

Yau jihohi fiye da 40 sun yarda a ɗauki ƙaramar bindiga a fili, wasu da takarda, da dama ba tare da ita ba. Niyok da Ilinoi da birnin Washinton suna cikin wuraren da suka hana. Karolina ta Arewa, a duk shekarun da na yi can, baligin da doka ba ta hana shi mallaka ba yana iya rataya pistole a kubensa ya fita, ba ya buƙatar komai. Ɓoyewa a ƙarƙashin riga ita ce ke neman takarda daga ofishin sharif, wato shugaban ƴan sandan gunduma, bayan an yi kwas an binciki tarihin mutum. Don haka Baturen cikin hoton, indai mai kantin bai hana ba, bai karya doka ba.

Wannan tsari yakan ba mutanenmu mamaki: ta yaya nunawa ta fi ɓoyewa sauƙi? Asalinsa tsohon tunani ne da mu ma muka sani. A farkon ƙarni na 19 Amurkawa suna ganin mai ɓoye makami maci amana ne, mai shirin yi wa wani kwanton ɓauna, shi kuwa mai nuna nasa mutumin kirki ne da bai da abin ɓoyewa. Jihohin Kentaki da Luwiziyana tun 1813 suka haramta ɓoyayyen makami. Ki tuna yadda muke kallon Buzu da takobinsa a rataye, da yadda muke kallon yaron da ya soke wuƙa a cikin wando. Da zamani ya juya, mutane suka taru a birane, sai tunanin ya kife: ɓoyewa ta zama ladabi, nunawa ta zama abin tayar da hankali. Dokokin da yawa suka tsaya a inda suke, al'ada ta wuce ta bar su.

Kada kuma finafinan kaboyi su ruɗe mu. Jihar Teksas, wadda kowa ke ɗauka gidan bindiga ce, ta hana yawo da ƙaramar bindiga tun 1871, ba ta yarda a rataya ta a fili ba sai ranar 1 ga Janairu 2016, shi ma da takarda. A 2021 ne ta cire sharaɗin takardar. Garin Tombston na Arizona, a 1881, dokarsa ita ce baƙo ya ajiye bindigarsa in ya shigo gari.

Sau nawa ake ganin haka

Bindiga tana da yawa a Amurka, wannan ba gardama. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Ba wata ƙasa da ta kusa kai haka; Yaman da ke biye mata ba ta kai rabi ba. Amma ba a raba su ɗaya-ɗaya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na baligai ne ke cewa suna da bindiga, wani yana da biyar, wani yana da ashirin. Mafi yawansu a gida suke kwana, a cikin akwatin ƙarfe ko durowa. Masu fita da ita kuma mafi yawa ɓoyewa suke yi.

A cikin garin Girinsboro, in aka cire ƴan sanda da masu gadi irina da ma'aikatan shagon sayar da bindiga, nakan yi wata biyu, uku ban ga farar hula da bindiga a fili ba. Ni kuma idona ya saba da neman ta, aikin shekara ashirin ya koya mini duban ƙugun mutum kafin fuskarsa. In na fita ƙauyuka, musamman wajen duwatsu ta yamma, ko a watan Nuwamba lokacin farautar barewa, sai ganin ya ƙaru: manomi a gidan mai da pistole a ɗamara, ko doguwar bindiga a bayan a-kori-kura. A can ba wanda ya damu, don kowa ya san kowa, an san ɗan gidan wane ne, an san inda za shi.

Ki dubi hoton nan da kyau, shi kansa shaida ne. Ba wanda ke ciro waya ya ɗauki hoton mai buta a ƙofar masallaci. Ƙanenki ya ɗauka ne don abin ya ba shi mamaki, bayan shekara biyu yana zaga garin kullum da mota. Da kowa haka yake yi, da bai ga abin turo muku ba.

Batun cewa ba wanda ya dube shi kuma, a nan ne baƙo ke kuskuren fahimtar Ba'amurke. Su ƙura wa mutum ido rashin ladabi ne a wurinsu, balle mutumin da ke ɗauke da makami. Ni da nake tsaye a bakin ƙofa na san abin da ke faruwa a bayan wannan shirun. Mace za ta ja hannun ɗanta ta canja layi. Wani zai ajiye kwandon sayayyarsa ya fita. Wani zai zo kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce akwai mutum da bindiga a wajen kayan sanyi, in ce masa na gani, doka ta ba shi dama, ina sa masa ido. Wasu ba sa ma zuwa wurina, 911, lambar kiran ƴan sanda, suke kira kai tsaye.

Su kansu masu son bindiga ba su haɗu a kan abin ba. Malamin da ya koya mana harbi don takardar aiki, tsohon soja ne mai bindigogi da yawa a gidansa, bai taɓa rataya tasa a fili ba in ba a filin horo ba. Dalilansa na aiki ne. Ɗan fashi in ya shigo, wanda ya gani da makami shi zai fara harbi. A cikin cunkoso ana iya fizge ta daga baya. Kuma duk gardamar da ta haɗa ka da wani, ko ta wurin ajiye mota ce, zai iya cewa ka tsorata shi da bindiga, kai ne za ka yi ta bayani.

Wa aka yarda ya ɗauka

Manyan kantuna sun nuna inda ra'ayin masu sayayya ya karkata. Starbucks a 2013 ya roƙi mutane su daina shigo masa da bindiga. Target ya bi sahu a 2014. Walmart, wanda shi kansa yana sayar da bindigogin farauta, a watan Satumba 2019 ya roƙi a daina shiga kantunansa da bindiga a fili, bayan harbin da aka yi a reshensa na El Paso a watan Agusta, wanda ya ci rayuka 23. Mai wuri yana da ikon manna alama a ƙofa ya hana, wanda ya ƙi fita kuma ya zama mai kutse. Makarantu, kotuna, gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya duk ba a shiga. Karolina ta Arewa ta hana ɗaukar makami a wurin zanga-zanga, kuma tana da wani tsohon laifi da kotunta ta tabbatar tun 1843, na fita da makami ta yadda zai firgita jama'a.

A wasu jihohin rataya bindiga ya zama hanyar magana a siyasa. A ƙarshen Afrilu 2020 masu adawa da kullen korona suka shiga majalisar jihar Mishigan da dogayen bindigogi, suna tsaye a sama ƴan majalisa na zama a ƙasa. A Janairu 2021 aka hana shiga ginin da bindiga a fili. A Dallas, ranar 7 ga Yuli 2016, wani ya buɗe wuta a wurin zanga-zanga ya kashe ƴan sanda biyar, alhali cikin masu zanga-zangar akwai waɗanda suka rataya bindigoginsu bisa doka. Ƴan sanda suka rasa gane mai harbi, har suka yaɗa hoton wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san tashin hankalin wannan daren.

Yanzu ga abin da nake so ki karanta wa ƙanenki da bakinki. Doka a takarda ba ta ambaci launin fata ba, amma a kan titi ba haka abin yake tafiya ba. A Kalifoniya ana yawo da bindiga mai harsashi a fili har 1967. Ranar 2 ga Mayu na wannan shekara wasu matasa baƙaƙe na ƙungiyar Black Panther suka shiga majalisar jihar a Sakaramento da bindigoginsu, doka ba ta hana su ba. Kafin ƙarshen Yuli an yi dokar hani, gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. A watan Agusta 2014, a jihar Ohayo wadda ta yarda da ɗaukar bindiga a fili, wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 22 mai suna John Crawford ya ɗauki bindigar iska daga kan kantar wani babban kanti, cikin kayan da ake sayarwa, yana tafe yana waya. Wani ya kira ƴan sanda, suka zo suka harbe shi har lahira, ba a kuma gurfanar da wanda ya harbe shi ba. A Yuli 2016, a Minesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota. Yana da takardar izini, shi da kansa ya faɗa cewa yana ɗauke da bindiga. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da ƙaramar yarinya, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017.

Waɗannan haifaffun ƙasar ne, Turanci harshen uwarsu ne. To ina ga yaronmu, baƙi, mai sunan Musulmi, wanda in ya firgita Turancin zai iya kakare masa? Ni da kaki na gadi a jikina da lamba a ƙirji, in na tashi daga aiki sai na cire bindigar na kulle ta a akwati a bayan mota kafin in tsaya shan mai. Na san kaki ne ke yi wa mutane bayanin bindigar, in na sa rigar sanyi ta rufe kakin, bayanin ya tafi, saura baƙin mutum da makami a gidan mai da dare.

Mu ma mun san makami a fili

Kada mu ɗauka wannan baƙon al'amari ne a gare mu. Damagaram ta san bindiga tun kafin Nasara ya zo. A zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, a nan garin ake ƙera igwa ana haɗa albarushi, har ƙasashen maƙwabta suna shakkar mu, kafin Faransawa su ci mu a Tirmini a 1899. Har gobe ranar hawan Salla ƴan bindiga suna barin wuta a gaban fada, hayaƙi ya turnuƙe, mata na guɗa, yara na bin su a guje. Ba wanda ke neman wurin ɓuya. Buzu yana shiga kasuwar Dole da takobinsa, Batube yana da wuƙarsa a damtse, Bafulatani da sandarsa, maharbi da adakarsa a kafaɗa zai ratsa ƙauye a gaishe shi. Dukansu makami ne a fili, kuma an karɓa, domin kowa yana iya karanta su: an san wane ne, an san dalilin ɗaukar, an san wanda zai tsawata masa in ya wuce gona da iri. Amma a ce yau wani da ba a sani ba, cikin fararen kaya, ya ratso Zango da kalashi a kafaɗa, kafin ya kai tasha an rufe shaguna.

Dokarmu ta bi wannan fahimtar. Farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma ta hannun ma'aikatar cikin gida, makamin yaƙi kuwa na jami'an tsaro ne kaɗai, wanda aka kama da shi kurkuku ne. Mun ɗanɗana abin da ya sa. Sakamakon tawayen shekarun 1990 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, aka ƙona bindigogi a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta sake buɗe rumbunan Libiya, abin da ya biyo baya a Difa da iyakar Maradi da Tilaberi kowa ya gani.

Abin da aikin birgad ya koya mini shi ne, faɗa yakan ƙare ne daidai da abin da ke kusa da hannu. Na tuna wata shekara bayan girbi, a bakin wata rijiya a arewa, makiyayi da manomi suka yi cacar baki a kan layin ban ruwa. Sun san juna, iyayensu sun san juna. Ɗaya yana da wuƙa a damtse, ɗayan igiyar guga kawai ke hannunsa. Kafin mu iso mai igiyar ya cika. Wanda ya yi kisan yana zaune a gindin bishiya bai gudu ba, yana kuka yana cewa bai san lokacin da hannunsa ya kai ba. Na yarda da shi, kuma na sa masa ankwa. Shi ya sa a wasu kasuwannin ƙauye muke sa a ajiye takubba da wuƙaƙe a bakin kasuwa, a karɓa in za a koma, dattawan Buzaye da kansu suke taya mu. A cikin gari ma, faɗan ƴan fale, wato ƙungiyoyin samari ƴan daba, da adda da gora ya nakasa yara da yawa. Duk lokacin da na tuna su sai in gode wa Allah da ba bindiga ce ke yawo a hannunsu ba.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Mutumin ƙauyen da ɓarayin daji suka kwashe wa shanu, suka ɗauke masa mata, birgad mafi kusa kuma tana nisan awa biyu, in ya ce a bar shi ya riƙe bindiga, ba ni da bakin ce masa ba shi da hankali. Gwamnatin Zamfara a 2022 har kira ta yi ga jama'a su nemi izinin mallakar bindiga. Manomin Amurka da gidansa ke nesa da kowa shi ma irin hujjar da yake kawowa ke nan, kuma tana da nauyi. Amma ƙanenki ba a wannan halin yake ba. Yana cikin gari ne mai ƴan sanda, kuma haɗarin da bindigar za ta jawo masa ya fi wanda za ta tare masa.

Me za ku ce wa yaron

Kafin komai, takardunsa. Dokar tarayya ta haramta wa duk wanda ba shi da izinin zama riƙe bindiga ko harsashi. Ta kuma haramta wa wanda ya shiga da bizar wucin gadi, irin ta karatu ko ziyara, sai ƴan keɓantattun hanyoyi kamar mai lasin farauta. Hukuncin yana kaiwa shekara 15, bayansa kuma kora ce. Ko ta aboki ce ya riƙe ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ya ba da shaida a kan kansa. Mai koren katin nan na zama dindindin shi doka ta ba dama, shi ma laifi ɗaya da ya shafi bindiga yana iya cinye katin. In maganar zamansa tana gaban hukuma ba a gama ba, kada ya ko taɓa, sai ya zauna da lauyan shige da fice.

Sai aikinsa. Kamfanonin da ke haɗa direba da masu kaya ko fasinja da yawa sun hana direba ɗaukar bindiga. Uber ya hana tun 2015. A Karolina ta Arewa, wanda ba shi da takardar ɓoyewa, in ya jefa bindiga a aljihun mota da ba a kulle ba ko ƙarƙashin kujera, doka tana ɗaukarta ɓoyayyiya ce, laifi ne. Akwai kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana wanda ba shi da takardar jiha kusantar makaranta da bindiga a nisan ƙafa 1000, wajen mita 300. Mai kai kaya sau nawa yake wuce makaranta a yini? In kuma aiki ya ketare da shi zuwa wata jiha, dokar ta canja tun daga kan iyaka.

Tsoron da yake ji na gaskiya ne, kada ku raina shi. Ana yi wa masu kai kaya fashi, musamman da dare. Abin da na ga yana tsare mutane shi ne abin da tsofaffin direbobinmu na can suke yi: a san unguwannin da ba a karɓar aikinsu bayan ƙarfe goma, kada a yawo da tsabar kuɗi, a sa kyamara a mota, in gida ya yi duhu a kira mai kayan ya kunna fitila kafin a sauka, in an tare ka ka miƙa waya da makulli ba gardama. Mota tana da inshora.

Akwai abu guda da ba a cika faɗa ba, ni kuwa yana damuna. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka bisa alƙaluman hukumar lafiyarsu, fiye da rabi kuma su suka kashe kansu. Zaman can yana da kaɗaici da mutumin gida ba zai gane ba: sanyi, bashi, aikin dare, ɗaki ɗaya, ga waya daga gida kullum ana jiran aike. Na ga samari masu addini da natsuwa sun shiga ƙunci mai tsanani. Ba na son bindiga a ɗakin saurayin da ke kwana shi kaɗai a irin wannan hali.

In ya tabbata yana da koren kati, ya kuma dage, to ba za ku iya hana shi daga nan ba, sai dai a sa shi a hanya. Ya yi kwas na gaskiya wurin malami mai lasi. Ya nemi takardar ɓoyewa ta sharif, ko don ya koyi dokar yaushe aka yarda a yi harbi, wadda ta fi ƙunci nesa da yadda samari ke zato. Ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli. In ɗan sanda ya tsayar da shi, hannu biyu a kan sitiyari, ya faɗa da baki cewa yana da takarda da bindiga, kada hannunsa ya motsa sai an ce masa. A jiharsu faɗar ma wajibi ce a kan mai takardar. Ratayawa a fili irin ta Baturen hoton kuwa, ko doka ta ba shi, ni ban ba shi shawarar ya yi ko sau ɗaya ba.

Ni jandarma ne da mai gadi, ba lauya ba, kuma abin da na gani da idona na Karolina ta Arewa ne da maƙwabtanta, a shekarun da na zauna. Dokokin nan suna motsi: Fulorida ta hana ɗaukar bindiga a fili tun 1987, sai ga wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hanin a Satumba 2025. Don haka duk abin da na faɗa game da takardu, ya tabbatar da shi a wurin lauya a can kafin ya kashe ko dala ɗaya.

Game da yadda za a yi masa magana, kada a tara masa dangi a waya ana faɗa, zai yi shiru ne ya daina ba ku labari, wannan kuwa ya fi komai haɗari. Ke ki kira shi ke kaɗai, ranar hutunsa. Ki fara tambayarsa ko wani abu ya same shi a wurin aiki kwanan nan, don sau da yawa maganar sayen bindiga tana biyo bayan wani tsoro da yaro bai faɗa wa gida ba. Sannan ki tambaye shi wace takarda ce a hannunsa. Girinsboro tana da ƴan Nijar da yawa, akwai dattawa da suka yi shekara ashirin da ɗoriya a can, suna haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Ki sa ya je ya zauna da ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi tuƙi. Inna kuma ki gaya mata cewa abin da ta gani a hoto ba shi ne kullum ɗin garin ba, na yi shekara tara a cikinsa ina zuwa kasuwa da masallaci lafiya. In kin ji amsarsa a kan takardun, ki sake rubuto mini.